Baba na da sankarar huhu, mun ga likita huɗu amma ba a fara magani ba: mu jira ko mu tafi Masar?

'Yar Baba:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a ɓoye sunana.

Mahaifina shekararsa 64, tsohon direban babbar mota ne. Ya sha sigari kusan shekara 30, ya bari tun da ya dawo daga aikin Hajji. Kafin azumin bara tari ya kama shi. A asibitin garinmu aka ce tibi ne, ya sha magani wata shida cur, ni nake miƙa masa da hannuna bayan sallar asuba. Tari bai tsaya ba, sai rama, har wandonsa sai ya zagaya mazagi sau biyu kafin ya zauna. Ranar da na ga jini a ƙyallen da yake tofa kaki, ranar muka nemi a tura mu asibitin koyarwa.

Can aka yi hoton CT, aka ga ƙari a huhun dama. Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta hanci aka gutsuro tsoka. Sakamako ya fito, sankara ce.

Yau sati uku ke nan muna kai-komo. Likitan huhu ya tura mu wajen na tiyata, shi kuma ya sa Baba ya yi ta busa iska cikin wata na'ura, aka ƙara hoton ciki, muka ga likitan ciwon daji. Kowa sai ya ce sai an kai fayil ɗinsa zaman likitoci ranar Laraba. Ko ƙwaya ɗaya ta sankarar ba a ba shi ba. Baffana ya ce wasa da hankali ne, a sayar da gonar Baba a kai shi Masar. Ni kaina ya kulle. Kuma har yanzu ba mu faɗa wa Baba sunan ciwon ba.

Nas a sashen masu ciwon daji:

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya. Allah Ya sa kaffara ne.

Wannan zaman na Laraba da kike jin haushinsa, shi ne abu mafi amfani a duk abin da kika lissafo. Na sha zama a irinsa a bayan ɗaki da tarin fayil a cinya. Ana haska hoton maras lafiya a bango, likitan hoto ya nuna girman ƙarin da inda ya taɓa. Likitan ɗakin gwaji, wanda ku ba za ku taɓa ganin fuskarsa ba, ya faɗi irin sankarar da ya gani a tsokar. Na tiyata ya ce zai iya cirewa ko ba zai iya ba. Likitan kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da na gashi (ƙona ƙarin da hasken na'ura) su faɗi nasu. Wani lokaci har musu ake yi, kuma musun alheri ne ga mai ciwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sankarar huhu ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, kamar kashi 15 cikin 100, tana da saurin bazuwa, maganinta galibi kemo ne da gashi, ba a cika yi mata tiyata ba. Sauran kusan kashi 85 ɗin, idan an same ta a mataki na 1 ko na 2, tiyata ake fara dubawa. Busa iskar da aka sa Baba, auna ƙarfin huhunsa ake yi, don a san ko abin da zai rage bayan an yanke wani sashe zai iya riƙe shi. Hoton ciki kuwa hanta ake leƙawa da wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda, don nan ciwon ya fi son zuwa, tare da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Idan ya riga ya je can, buɗe ƙirjin dattijo wahala ce kawai.

Amma jira ba ya nufin ki naɗe hannu. Ki tambaya: tabbas sunan Baba yana cikin jerin wannan Larabar? Fayil yakan maƙale saboda takarda ɗaya da ba ta iso ba, kuma ba wanda zai kira ki ya faɗa miki.

Ɗan kasuwar Kwari:

Ni dai ina bayan Baffa. Wata shida aka ɓata muku kan tibin da babu shi, yanzu kuma a ce ku ƙara jira? Idan da hali a fita kawai.

Wanda ya yi jinyar yayansa:

Alhaji, mu mun fita, bari in faɗi abin da muka tarar. Da muka isa, abu na farko da suka tambaya shi ne ina tsokar da aka ciro a gida. Ba mu zo da ita ba, ba mu ma san ana bayarwa ba. Aka sake komai daga farko, muna biyan masauki, sannan su ma suka ce sai likitocinsu sun zauna. Ashe ko'ina haka ake yi.

'Yar'uwa, ko za ku tafi, ku bari a yi zaman nan ku ji matakin ciwon. Ku karɓi hotunan a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba, ku kuma nemi ɗakin gwaji su ba ku tsokar da suka daskarar cikin kaki irin na kyandir, da gilasan da aka duba ta a kai. Sannan kemo ba zuwa ɗaya ba ne, yawanci duk sati uku ake yi, zagaye 4 zuwa 6. Ku yi lissafin gonar da wannan, ba da kuɗin jirgi ba.

Likita, ina aiki a Ingila:

Ba zan iya yanke hukunci kan wanda ban gani ba, amma ga abin da zan tambaya da mahaifina ne. Wace iri ce, kuma mataki na nawa? Maganin da za a ba shi, warkarwa ake nema ko sassauci da ƙarin lokaci? Ki yi wannan tambayar kai tsaye, likitoci da yawa ba sa faɗa sai an tambaya. Sai kuma gwajin EGFR da ALK a kan tsokar, wato wasu canje-canje a ƙwayoyin halittar sankarar: idan aka samu ɗaya, akwai ƙwayoyin sha da ke aiki a kan wannan canjin takamaimai. An fi samunsu ga waɗanda ba su taɓa shan sigari ba, don haka kar ki ɗora rai sosai, amma tambaya ba ta da kuɗi.

A nan kowane maras lafiya ana haɗa shi da nas guda ɗaya da zai riƙa kira. Idan babu wannan tsarin a wajenku, ki ƙirƙiro shi da kanki: ki samu nas ko ƙaramin likita ɗaya a tawagar, ki riƙe shi, ki sayi littafi ki riƙa rubuta komai da kwanan wata.

Abin da ba ya jiran Laraba: jini mai yawa a tari, kumburin fuska da wuya, numfashi ya ƙara tsananta, ko ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu. Waɗannan sashen gaggawa ne a daren. Bayan an fara kemo kuma, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki ba na farasitamol a gida ba ne.

Hajiya daga Sakkwato:

'Yata, ni maganar ɓoye masa ce ta tsaya min. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa mota Legas zuwa Maiduguri, kina jin bai karanta fuskokinku ba? Maigidana, Allah Ya jiƙansa, mun ɓoye masa wata biyu, ashe ya sani, shi ma mu yake tausayi. Da aka faɗa masa sai ya kira 'yan'uwansa ya warware basussukansa. Gonar ma tasa ce, ai sai a ji ta bakinsa.

Kuma ki nemi masu kula da rage raɗaɗi tun yanzu. Mu mun ƙi su da farko, muna ganin kamar sallama ce. Su suka daidaita masa mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, har ya samu barci, suka sa aka zuƙe ruwan da ya taru a ƙirjinsa ya koma sallah a zaune ba haki.

'Yar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na je yau na tambaya kamar yadda Anti nas ta ce, ashe rahoton hoton cikin bai shiga fayil ba, yana can sashen hoto. Na karɓo na kai da kaina, an sa sunansa a jerin. Baffa ya yarda a dakata da maganar gona zuwa Alhamis. Maganar faɗa wa Baba kuwa, ni bakina ba zai iya ba. Hajiya, ku wa ya faɗa masa, ku ko likita?