Gogen Turawa: wane irin malami ya dace da yaro, wane ya dace da babba?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. 'Yan biyuna, shekararsu biyar, sun nace sai sun koyi biyolin, gogen nan na Turawa. Malamar da na samu ta ce dole in riƙa zama a ajin, kuma ba za ta koya musu karanta alamomin kiɗa ba sai can gaba. Anya ba jan lokaci take yi don kuɗi ba?

Malamin kiɗa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, tsarin Suzuki take bi. Shinichi Suzuki mutumin Japan ne, a garin Matsumoto ya kafa makarantarsa, ya rasu a 1998 yana da shekara 99. Hujjarsa ita ce babu yaron da ya fara karatu kafin ya iya magana: ji yake yi, ya kwaikwaya, a yaba masa, ya sake. Biyolin kuma tsarkiya huɗu gare shi, wuyansa sumul, babu layukan da ke nuna inda yatsa zai sauka kamar na jita. Kunne ne ke faɗa wa yaro ya kauce. Zamanki a aji kuwa, ai ke ce malamarsu a sauran kwana shidan mako.

Anti daga Legas: Malam, ban ƙi taka ba, amma ɗana ya kai shekara goma yana kiɗa tiryan-tiryan da ka, a ajiye masa takarda sai ya tsaya zuru. Da ya zo jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, wajen karanta kiɗan da bai taɓa gani ba ya sha wuya. Hajiya, tambaye ta ƙarara yaushe za ta fara musu karatun. In ta kama kame-kame, nemi wata.

Ɗan fansho: To mu masu furfura fa? Ko lokaci ya ƙure mana?

Malamin kiɗa: Ko kusa, Baba. Sai dai malaminku daban ne. Yaro bai damu da ƙugin da gogensa ke yi ba, babba kuwa yana jin muninsa, kunya ta kama shi, kafaɗa ta sandare, ya damƙe bakan gugar tsarkiya kamar za a ƙwace masa. Ku nemi wanda zai bayyana muku dalilin kowane motsi, ya bar ku makonni kuna gugar tsarkiya ba tare da ɗora yatsa ba. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Anti daga Legas: Baba, ku sayi 'yar robar nan da ake maƙalawa a kan gadar tsarkiya, tana rage ƙara saboda maƙwabta. Hajiya, ke kuma kar ki sayi babban biyolin wai za su girma su tarar da shi. Akwai ƙanana na yara, masu lamba 1/8 da 1/4, malamar ta auna hannunsu tukuna.

Malamin kiɗa: Da hunturu kuma a riƙa mayar da biyolin cikin akwatinsa, bushewar iska na tsaga katakon.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan tambaye ta batun karatun, in sha Allah.