Tsauni ne, kurmi ne, ko suri? Neman sunan ginin murjani a Hausa

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Kalma guda nake nema, kuma na fi so mu yanke ta tare. Aikina fassarar labarai ne a wani gidan rediyo a nan Kano. Tun watan Afrilun 2024, da hukumar NOAA ta Amurka ta sanar cewa zafin teku ya jefa abin da Bature ke kira coral reef cikin annoba ta duniya karo na huɗu, labarin yake ta dawowa teburina. Duk zuwansa sai in rubuta "duwatsun ƙarƙashin teku" in wuce, don lokacin labarai ba ya jiran kowa. Amma raina bai taɓa kwanciya da hakan ba. Dutse ba ya ciwo, ba ya mutuwa, ba ya farfaɗowa. Wannan abin kuwa duka ukun yana yi.

2/
Rabin kalmar yana hannunmu tun kaka da kakanni: murjani. Kakata, Allah ya ji ƙanta, tana da sili uku a ƙasan adaka, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, ba ta fito da su sai biki. In aka kawo mata na sayarwa daga kasuwar Kurmi sai ta ɗora a tafin hannu ta ji nauyi da sanyinsa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake ta nemi 'yan siraran layukan nan da ke jikin na gaske. Na roba bai taɓa wuce ta ba. Ga shi kuma duk wanda ya yi allo ya biya kalmar sau biyu a Suratur Rahman, aya ta 22 da ta 58. Ba baƙuwa ba ce.

3/
Sai dai akwai gyara. Jan murjanin wuya daga Bahar Rum yake fitowa, a da ta hannun fataken Sahara yake iso mana. Yana tsirowa a kogunan dutse da wurare masu duhu-duhu, kamar 'yar bishiya marar ganye, kuma ba ya yin gini. Masu ginin danginsa ne da ke zaune a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi, inda rana ke kaiwa. Na jefa wannan damuwa jiya, sai wani malamin Larabci daga Gwale ya amsa min:

"Malam, kada wannan ya hana ka barci. Larabawan da suka ba mu kalmar duka biyun marjan suke ce musu, ginin kuma shi'ab marjaniyya. Riƙe murjaninka, ka nemi ɗaya rabin."

Na karɓa, Allah ya gafarta Malam. Saura abin da za a ɗora a gabansa.

4/
Kafin a zaɓa, a san abin da ake raɗa wa suna. Murjani dabba ne. 'Yan halittu ne masu taushi, da yawansu ba su wuce ƙwayar gero ko ta wake ba, kowace da baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye. Kowace tana fitar da ƙashi a ƙarƙashinta, irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai, ta zauna a kai. Ta mutu, wata ta ɗora nata. Masu siffar curi sukan ƙaru da kamar santimita 1 a shekara, masu rassa kan kai 10. Da wannan tafiyar hawainiya aka samu wanda ke gabar Ostireliya, mai tsawon kilomita kusan 2,300. In aka haɗa na duniya baki ɗaya ba su rufe kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa.

5/
"Tsaunin murjani" shi ya fi samun masu goyon baya, kuma na ga dalili: yana da daɗin faɗa, yana nuna girma. Na ƙi shi don ciwon da ke cikin "duwatsu" shi ne a cikinsa. Ka ce wa mutumin Dala "tsauni ya farfaɗo" ka ga yadda zai dube ka.

6/
Wata baiwar Allah, malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata, ta kawo "kurmin murjani". Wannan ya tsaya min a rai kwana guda cur. Kurmi yana da rai, yana da duhuwa da maɓoya, yana tara namun dawa kamar yadda wannan ke tara kifi. Abin da ya sa na sake shi, ita da kanta ta faɗa daga baya: "Yaya, shekara nawa ina fama da yara su yarda murjani ba tsiro ba ne. In muka ce kurmi, na koma farko." Sannan a garin nan, ka ce kurmin murjani, rabin masu sauraro layin masu tsakiya da duwatsun wuya za su hango a kasuwa.

7/
Nawa shi ne: surin murjani.

Wanda ya taɓa noma, ko ya bi hanyar Wudil ko ta Bichi yana kallon gonaki, ya san suri. Gini ne mai tauri kamar dutse, fartanya na tsalle a kansa, amma ba wanda zai ce maka dutse ne, don kowa ya san ƙananan halittu ne suka tashe shi kaɗan-kaɗan, kuma muddin suna ciki yana ƙaruwa. Ka fasa gefe, ka dawo bayan kwana biyu ka tarar da ɗanyen yaɓe. Cikinsa duk ramuka ne da lunguna, shi ya sa maciji da ƙadangare da ɓera ke samun mafaka a tsohon suri. In kuwa garar ta mutu, ba ranar yake rushewa ba. Yana nan tsaye, ka rantse lafiyarsa ƙalau, sai damina ta bi damina tana zaizaye shi har ya koma tudun ƙasa. To haka murjani yake mutuwa. Ƙashin ya tsaya shekaru, kifi na shiga na fita, sannan igiyar ruwa da masu ƙwaƙule shi su mai da shi tsakuwa, kifin ya rasa wurin ɓuya ya watse. Ban sami wata kalmar Hausa da ta ɗauko wannan duka a baki ɗaya ba.

8/
An yi min suka biyu, kuma duka da gaskiyarsu. Na farko: gara ɗauko ƙasa take ta yi yaɓe, tana kai-kawo a ciki, murjani kuwa daga jikinsa yake fitar da ginin, a zaune wuri guda, kuma fatar sama ce kawai mai rai. Haka ne. Amma mun ce jirgin sama, ba mu nemi ya yi iyo ba. Na biyu: wasu "shuri" suke cewa, wanda a rubuce yakan rikice da shurin ƙafa. Shi ya sa na tsaya kan suri. Jam'i kuwa a bar shi yadda muke ƙirga abubuwa: suri 21, suri da yawa.

9/
Kalma ba ta tabbata sai an sa ta aiki. Labaran da ke zuwa min yawanci na masu shiga ruwa ne su ƙirga, don haka ga yadda aikin yake, a tsarin ƙungiyar Reef Check da ta fara zagayen duniya a 1997. Masu nutso su sauka da tulun iska a baya. Ɗaya ya shimfiɗa igiyar awo mai mita 100 a kan surin. Sai kowa ya ja da baya a jira minti 15, don kifin da ya firgita ya dawo harkarsa. Wannan jiran ya burge ni, duk masunci ya san shi. Sannan mai ƙirga kifi ya bi igiyar a hankali, yana duban mita biyu da rabi dama, biyu da rabi hagu, da allon roba da fensir a hannu, don fensir na rubutu a cikin ruwa. Mita 20 zai ƙirga, ya tsallake 5, ya sake 20, har sau huɗu. Ba kowane kifi yake rubutawa ba. Akwai zaɓaɓɓu da yawansu ko ƙarancinsu ke tona asirin wurin: manyan da masunta suka fi so, waɗanda in babu su an san an yi su fiye da kima, da masu kiwo a jikin surin. A bayansa wani na tafe yana duba abin da ke ƙarƙashin igiyar duk rabin mita, murjani mai rai ne, matacce ne, ciyawa ce, yashi ne, har wuri 160. Badi a dawo daidai wurin a maimaita.

10/
Wannan aikin na kira shi ƙidayar nutso. Igiyar kuma igiyar awo, ba sai an ƙirƙiro komai ba, tela da magini sun riga mu. Komawar da ake yi shekara-shekara ita ce bibiya. Na bar "sa ido" don a bakin Bakano ta fi kama da gulmar maƙwabta. A Ostireliya, cibiyarsu ta binciken teku tana da wata dabarar tun wajen 1985: mutum ya riƙe allo, kwalekwale mai inji ya ja shi a saman ruwa minti biyu, a tsaya ya rubuta abin da ya gani, a ci gaba. Wannan jan allo ne, shi ke nan.

11/
Me ya haɗa ƙirga kifi da lafiyar suri? A nan labarin ya fi daɗi. Idan murjani ya mutu, tsere ake tsakanin 'ya'yansa da ciyawar teku, wa zai riga kama filin. In ciyawa ta rufe, 'ya'yan ba su da wurin sauka. Masu nome ta su ne kifayen kiwo, musamman wanda haƙoransa suka haɗe kamar bakin aku, yana kankare jikin suri yini guda yana kasayar da farin yashi. Kifin aku za mu ce masa. Ƙasar Beliz ta hana kama shi tun 2009 saboda wannan aikin nasa. A tsibiran Sishel, zafin 1998 ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na murjanin. Masu bincike suka yi ta bibiyar suri 21, sakamakon ya fito a 2015: 12 sun kama hanyar farfaɗowa, 9 ciyawa ta cinye. Waɗanda suka tashi su ne masu ɗan zurfi, masu yawan lunguna, masu 'ya'yan murjani da kifin kiwo da yawa, a ruwan da ba shi da ƙazanta sosai. Ku sake karanta wannan da "tsauni" a madadin "suri" ku ji ko zai shiga kunne.

12/
Saura ciwon kansa. Turanci bilicin yake ce masa, kuma na ji an faɗe shi haka a iska. Don Allah a daina. A Kano bilicin man shafawa ne, abin da mutum ya zaɓa ya yi wa fatarsa. Abin da ke faruwa a teku daban ne. Cikin naman murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ba shi mafi yawan abincinsa, ita ce kuma launinsa. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da ko digiri 1 na tsawon makonni, sai ya fitar da ita, naman ya zama garau, farin ƙashin ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri gansakukar ta dawo, in ya daɗe ya mutu.

Wani ya ce a kira shi "fari". Ai farin rashin ruwa da farin ɗango sun ishi kalmar nan kaya. Ni koɗewa na zaɓa. Masu rini a Ƙofar Mata sun san tufa na koɗewa, amma ba nan na ɗauko ba. Daga bakin iyayenmu mata na ɗauko, in sun je dubiya suka dawo suna cewa "wance duk ta koɗe". Mai jinya ce, tana iya warkewa, tana iya rasuwa.

13/
Wani ya tambaya, da ladabi, me ya dami Kano da wannan, tunda ko gabar Najeriya ba ta da irin wannan suri, ruwan Kwara da lakarsa sun hana. Amsata ita ce mun daɗe muna wucewa ta kansa ba mu da sunansa. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Sudan, da yawa a Sawakin suka shiga jirgin ruwa, garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Tsohon garin Jidda ma, inda alhazanmu ke sayayya, da shi aka yi bangayensa. In jirgi zai sauka Jidda da rana, leƙa taga: facin kore-kore mai haske da ke cikin shuɗin Bahar Maliya kusa da gaɓa, shi ne. Kuma zafin da ke koɗar da shi, shi ne dai wanda muke kwana a waje saboda shi a watan Afrilu.

14/
Ga yadda zan karanta in labarin ya sake zuwa, ku saurara da kunnen mai shayi da na Hajiya a tsakar gida:

"Ƙidayar jan allo ta nuna cewa surin murjanin Ostireliya, wanda a 2022 ya farfaɗo a arewa da tsakiyarsa fiye da kowane lokaci cikin shekara 36 na bibiya, ya sake ja da baya sakamakon koɗewar 2024."

In wani wuri ya yi muku tsaye a maƙogwaro, ku nuna min shi. Abu ɗaya ya rage a buɗe: "mai nutso" na rubuta ko'ina, amma masunta na da nasu bakin. Wanda ke da dattijo cikin masu su a Wudil, Tiga ko Bagauda, don Allah ya tambayar min yadda suke kiran wanda ke nutsewa ya ciro taru in ta maƙale a ƙasa. In suna da suna, nasu zan ɗauka.