Apache ya ƙi buɗe min folda, 403 kawai nake gani

sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan isha'i jiya nake fama da abu ɗaya. Na haɗa 'yar manhaja da Laravel (tsarin rubuta manhajar yanar gizo da PHP) saboda kantin maganin kawuna, ta riƙa lissafin kayan da suka shigo da waɗanda aka sayar. A kwamfutata da XAMPP (kunshin sabar gwaji) lafiya lau take aiki. Sai na sa Ubuntu 22.04 a wata tsohuwar kwamfuta da ke kantin, na kwafe foldar zuwa /home/kanti/manhaja, na rubuta fayil a sites-available, na yi a2ensite, na sake kunna Apache, sabar da ke miƙa shafuka ga burauza. Ina buga adireshin a burauza sai 403 Forbidden, wato an hana shiga. Haushi ya sa na yi wa foldar chmod 777 (ba kowa cikakken izini) gaba ɗayanta, ko gezau. Kawu kuma jibi yake son a fara aiki da ita. A ina na kuskure?

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, fara janye 777 ɗin nan, ba ita ce maganin ba. Folda 755, fayil 644.

Ka daina lalube, buɗe /var/log/apache2/error.log ka duba layin ƙarshe. In ka ga lambar kuskure AH01630, to ba ka sa Require all granted a sashen Directory ba, kuma Apache 2.4 a Ubuntu ba ya barin a shiga foldar da ke wajen /var/www da /usr/share sai ka ba shi izini. Amma ni na fi zargin AH00035. Tun daga Ubuntu 21.04 foldar gidan kowane sabon mai amfani tana zuwa da 750, wato bare ba shi da izinin shiga, shi kuwa Apache da sunan www-data yake aiki, bare ne a wurin. Ka wangale ƙofar ɗaki alhali zaure a kulle yake, ta ina baƙo zai shiga? Mayar da ita /var/www/manhaja ka huta.

'yar_kod:
Ƙari a kan maganar Malam: DocumentRoot, wato foldar da Apache ke nuna wa masu shiga, ya tsaya a kan /var/www/manhaja/public, ba uwar foldar ba. In ba haka ba, duk wanda ke kan wayifai ɗin kantin zai iya buga /.env ya karanta kalmar sirrin rumbun bayananka. Na taɓa yin wannan gangancin, kwana uku kafin na lura.

Ni yadda nake gwaji, sai in ajiye gwaji.html mai kalma ɗaya a cikin public, in yi apache2ctl configtest in ga Syntax OK, sannan curl -I localhost/gwaji.html. In 200 ta fito, wato shafin ya buɗe lafiya, folda ta fita daga zargi, saura manhaja.

sabon_shiga:
Allah ya saka da alheri. Malam, AH00035 ɗin ce kuwa! Na mayar da foldar, gwajin Anti ya ba ni 200. Daga nan sai 500 (kuskure a cikin saba) ta tare ni, ashe storage da bootstrap/cache ne www-data ba ya iya rubutu a ciki, na yi musu chown, na mallaka masa su. Yanzu shafin farko ya buɗe, amma ina danna "Kayan da suka shigo" sai 404, wai babu shafin.

tsohon_hannu:
Wannan mai sauƙi ce, .htaccess ɗinka, fayil ɗin da ke karkata adireshi zuwa manhajar, shi ne ba a karantawa. Yi a2enmod rewrite, ka sa AllowOverride All a sashen Directory ɗin, ka sake kunna Apache. Kuma kafin jibi ka gwada daga wayar kawun naka da adireshin IP na kwamfutar, kada ka tsaya a localhost. Goge gwaji.html in ka gama.