Don Allah a ba ni shawara kan sharhin wani littafin soyayya na zamanin Basasar Kano

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema, abin ya kwana uku yana cina. Wata ƙanwata ce, ba ciki ɗaya ba amma tare muka taso, tana rubutu a waya tana sakewa a gurup ɗin WhatsApp, yanzu ta gama wani littafi tana so ta kai shi ɗab'i shine ta turo min wai in karanta in mata sharhi tsakani da Allah. Ba zan faɗi sunan littafin ba tunda bai fito ba, taurarin ma zan kira su da sana'arsu ne kawai.

Labarin a birnin Kano ta kafa shi lokacin yaƙin Basasa. Yarinyar 'yar wani mai karofi ce, an mata baiko da ɗan baffanta falke, ya bi ayari Gwanja sayen goro aka daina jin ɗuriyarsa, ana cikin haka sai rigimar sarauta ta ɓarke, wani barde cikin mutanen Yusufu, ɗan sarkin da ke neman sarautar Kano, ya ganta ya kamu. Wlh akwai inda ta kasheni, wurin da barden ya tsaya ƙofar gidansu da la'asar yana neman ruwa, ta miƙo masa a ƙoƙo daga bayan zana bai ga fuskarta ba sai hannu, hannun kuma duk shuni don ta taya babarta ninke turkuɗi, da ya kai baki sai ya ga sawun yatsunta huɗu shuɗi a jikin ƙoƙon, ya ƙi mayarwa ya ce a sayar masa. Sau uku na karanta fejin nan, ƙarfe ɗayan dare ne ma yara duk sun yi barci.

To matsalata ita ce ƙarshen. Feji wajen ɗari uku ana jan mu, zuciyarta na nan tana can, ta yi kuka ta rame, ina jira in ga wa za ta ɗauka kuma me zaɓin zai ja mata, kawai sai aka kashe barden a bakin ganuwa, bayan kwana bakwai falke ya dawo da jakunansa aka ɗaura aure shikenan. Yarinyar nan har littafi ya ƙare bata buɗe baki ta ce ga wanda take so ba. Ni dai ji nayi kamar an cuceni. Sannan akwai abubuwan da raina bai kwanta da su ba, ana cewa ƙarfe huɗu, ana kawo lefe a akwatuna, sadaki fam kaza. Tambayata biyu ce, shin ni ce ban fahimci zamanin ba, dama mace bata da bakin magana a lokacin? Sannan ya zanyi in gaya mata ba tare da na karya mata gwiwa ba, don yarinyar tana da baiwa kuma shekara biyu tayi tana wannan aikin.

Bakanon Dala:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kafin komai a jinjina wa ƙanwar taki, marubutanmu kowa ya koma gidan mai kuɗi da jirgin Dubai, samun wadda zata waiwayi Basasa ba ƙaramin abu bane.

Abubuwan da kika lissafa kina da gaskiya. A 1893 kuɗin Kano wuri ne, ana ƙirga shi da hauya wato ashirin, da zambar wato dubu, keso ɗaya kuma wuri dubu ashirin ne, fam da sule sai bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Lokaci kuma da rana da salla ake auna shi, hantsi, azahar, la'asar, almuru. Lefe ma ai sunan kwandon da ake sakawa da kaba ne, daga nan kalmar ta samo asali, akwati baƙo ne. Duk wannan gyaran kwana biyu ne.

Wanda ya fi damuna shine ko ta gane wace irin rigima ce Basasa, don a nan maganin matsalarki yake. Ba baƙi ne suka kawo wa Kano hari ba, faɗan 'yan gida ɗaya ne, Tukur da Yusufu duk jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne, Tukur ɗan Sarki Bello, Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Bello da yana mulki ya sauke 'ya'yan Abdullahi da dama daga sarautunsu, abin yana cin su a rai, da ya rasu a 1893 sai Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake ce wa Ɗanyen Kasko, ya ce Tukur za a naɗa, Wazirinsa Buhari ne ya zartar. Yusufu da 'yan'uwansa da bayinsu suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, suna jawo garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Yusufun ma bai ga nasara ba, a Garko ya rasu, ƙaninsa Alu ya karɓi tuta ya shiga Kano a 1894, Tukur ya fita aka bi shi aka kashe shi a Tafashiya a 1895.

Yanzu ki duba, mutum yana zaune cikin birni ƙarƙashin Tukur, 'yarsa tana son barden Yusufawa, ai wannan ba maganar zuciya kaɗai bace, magana ce ta wuyan uba da dukiyarsa da karofinsa, maƙwabci ɗaya ya kai tsegumi fada an gama da gidan. Sannan shekara na zagayowa abu ya juye, wanda jiya ake ɓoye saninsa yau shine mai gari. In ta riƙe wannan da kyau ba sai ta kashe kowa ba, zaɓin da kansa zai yi nauyin da mai karatu zai kasa barci. Tambayata ma, barden ya aka yi yake zuwa ƙofar gidansu, kafin ficewar Yusufawa ne ko bayanta? In bayanta ne akwai aiki, don a lokacin ƙofofin gari ana rufe su da dare kuma kowace da sarkin ƙofarta.

Ummu Sultan:

Ni kam Anti Maman Ilham ki yi haƙuri ban goyi bayanki duka ba. Mu fa muna karanta irin wannan da idon yanzu ne, muna so budurwa ta miƙe gaban iyaye ta ce wane nake so. Kakata ta wajen uwa har ta rasu bata taɓa kiran sunan kakanmu ba, ɗan farinta ma bata faɗin sunansa, kuma ta sha gaya mana ranar da aka kaita ɗaki ne ta fara ganinsa da kyau. Wannan ma bayan Basasa ne da shekaru masu yawa. To in marubuciya ta sa 'yar 1893 tana zuba kalaman soyayya a zaure ai nan ne zan ajiye littafin. Kuma yaƙi ne fa, mutane sun mutu da gaske, mata nawa ne aka yi wa zaɓi da takobi haka. Ni a ganina mutuwar barden ba ha'inci bane, haka rayuwar take.

Hajiya Mai Alƙalami:

Ummu Sultan 'yata, maganarki akwai gaskiya ciki amma kin haɗa abu biyu. Kunya daban, rashin zaɓi daban. Matan wancan zamanin ba sa faɗi da baki amma suna da hanyoyi, budurwa tana ƙin cin abinci, tana mayar da kayan toshi, tana gudu gidan gwaggo ko gidan kaka ta ƙi dawowa, tana saka maganarta cikin waƙar gaɗa a dandali kowa ya gane wa take nufi, matan aure kuma a waƙar niƙa suke amayar da abin da ke ransu, in an matsa a yi yaji. Wasu har rijiya suke faɗawa, Allah Ya kiyaye. Uba yana da ikon aurar da budurwarsa a mazhabarmu, haka ne, amma hakan bai hana zuciyarta karkata ba kuma bai hana ta nuna ba.

Na daɗe ina duba rubutun yara kafin su buga, kuma wannan ciwon na kashe ɗaya cikin masoya biyu ina yawan haɗuwa da shi. Dalilinsa ɗaya ne, marubuciyar ce da kanta ta kamu da son dukansu ta kasa zaɓa, tana kuma tsoron 'yan gurup, rabi suna bayan wannan rabi suna bayan wancan, kowa na kwamen yana rantsuwa in ba a ba nasa ba ya daina karatu, sai ta ɗora wa ajali laifi ta huta. Ba na ce kar barde ya mutu ba. Ya mutu, amma yarinyar ta riga ta zaɓa tukuna, mu gani da idonmu ko da bata furta ba. In shi ta zaɓa ya mutu, to ta shiga ɗakin falke da wannan a ƙirjinta shi kuma ya sani. In falke ta zaɓa ta sallami barde ya tafi bakin ganuwa da baƙin cikinta, to har abada zata riƙa tambayar kanta ko ita ta tura shi. Kowanne ta ɗauka littafi ya samu ƙarshe.

Sai abu na biyu da ya kamata ta kula, an riga an yi baiko, kuma shari'a ta hana nema cikin nema, barden in ɗan mutunci ne dole abin ya dame shi, uban ma ba zai saurare shi haka kawai ba ga zumunci a tsakani. Da ace aure aka ɗaura kafin falken ya tafi ma da abin ya fi haka tsauri, matar wanda ya ɓace alƙali shekara huɗu yake yanka mata sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Batun gaya mata kuma, kar ki rubuta a gurup, kar ki tura mata dogon saƙo. Ki kirata gida ki fara da fejin ƙoƙon nan, ki karanta mata shi da bakinki, sannan ki tambaye ta ita a ranta wa yarinyar take so. Ki yi shiru ki jira amsa.

Ɗan Zangon Kumasi:

Salam jama'a, daga Gana nake bibiyarku, ni falken nan ne ya tsaya min a rai don kakanninmu goro ne ya kawo su nan. Kar a mai da shi mutumin da aka ajiye gefe sai an buƙace shi a fito da shi. Tafiyar Gwanja wata da watanni ce da jakuna, a ƙetare kogin Kwara a ratsa ƙasar Borgu inda 'yan fashi suke tare ayari, ga fito da ake biya gari gari, madugu a gaba da jagaba, sai an kai Salaga, kasuwar goron ƙasar Gwanja, a dawowa kuma goro ɗanye ne sai ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Kuma ga abin da zai mata amfani, a 1892 Salaga ita ma yaƙin basasa ya ci ta, kasuwar ta watse, Hausawa suka bazu wasu Kete Krachi wasu Yeji wasu har Ankara. Kenan dalilin shirunsa yana nan a tarihi ba sai ta ƙirƙira ba, ya baro gari a wargaje ya dawo ya tarar da nasa a wargaje. Ta ba shi ko babi uku ne mu ga wahalarsa, yadda in yarinyar ta juya masa baya zamu ji zafi.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Malam Bakano zuwan barden na farko kafin su fita Takai ne, amma akwai zuwa biyu a bayan nan da bata faɗi ta inda ya shigo ba, na rubuta. Ummu Sultan na ji maganarki kuma na janye son da nake ta tsaya ta yi magana a zaure.

Hajiya na bi shawararki, jiya bayan isha'i ta zo, na karanta mata fejin na mata tambayar. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta sannan ta ce barde ne tun farko, wai har ta rubuta babin da yarinyar ta cire munduwar baikon ta ba ƙanwarta ta kai wa gwaggo, 'yan gurup suka mata caa shine ta goge. Na ce yana nan? Ta ce yana cikin tsohuwar wayarta da allon ya fashe. Gobe in Allah Ya kai mu zamu kai wayar kasuwar waya ta Farm Centre a gani ko za a iya ciro shi. Ɗan Zango ta ce in tambaye ka, daga Kano zuwa Salaga a wane wata ayari ya saba tashi, da kaka ne ko sai rani ya shiga sosai?