Waɗanda suka yi makarantar Katolika, ku zo ku ba mu labari

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona zai gama firamare bana, maigida kuma ya dage a kai shi wata sakandaren 'yan Katolika ta jeka-ka-dawo a Sabon Garin Zariya. Shi karatun yake dubawa, ni kuma hankalina yana kan sallar yaron da tarbiyyarsa. Surukata ta ce sam, za a canza mata jika. Don Allah ban da ji-ta-ji-ta. Wanda ya zauna a ajin da kansa, ko ya kai ɗansa, ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni Musulmi ne, ɗan cikin birni, kuma a hannun fadoci na yi sakandare, a St. John's College ta Kaduna, wadda yanzu kuke kira Rimi College. Fadocin SMA ne, wata ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, yawancinsu mutanen ƙasar Ayilan. A 1972, zamanin Gwamna Abba Kyari na Jihar Arewa ta Tsakiya, gwamnati ta karɓe makarantun mishan ta sauya musu suna. Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina, St. Paul's ta nan Wusasa ta koma Kufena, ko da yake ita ta 'yan Angalikan ce, mutane na yawan haɗa su. Don haka yawancin waɗanda kike gani yanzu a unguwanni na baya-bayan nan ne, kada ki auna su da labarin zamaninmu kaɗai.

Abin da ba zan manta ba shi ne insha'i. Duk mako sai ka rubuta, Fada ya kwashe littattafan ya tafi da su gidansa, su dawo jajir da jan biro. Waƙafi ɗaya ka sa ba a wurinsa ba sai ya zagaye shi, ka sake kwafe shafin gaba ɗaya da yamma abokanka suna filin ƙwallo. Da wannan na ci abinci har na yi ritaya. Ba wanda ya taɓa ce min in bar addinina, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, duk hutu sai ya zaunar da ni a zaure na biya masa karatun allona. Shi ya riƙe ni.

Ladi:
Sannu Maman Ummi. Ni 'yar Katolika ce, a makarantar kwana ta sistoci na yi. Kafin in ba ki labari, ki bambanta abu biyu. Akwai ƙaramar seminari ta St. Joseph da ke Basawa, wadda Bishop Kukah ya yi karatu a cikinta, ita ta yaran Katolika ce masu niyyar zama fada, ba ita maigidanki yake nufi ba. Sai kuma makarantun da coci-coci ko sistoci ke buɗewa ga kowa. 

Mu a wurinmu ƙararrawa ce ke mulki. Tun da duhu an tashe ku, wanka, Mas (wato ibadar coci), shara, aji. Sha biyun rana in aka kaɗa ta addu'ar Anjelus, ko kina tsakiyar fili da bokiti a kai sai ki tsaya cak har a gama addu'ar. 'Yan ajinmu Musulmi su ma sukan tsaya, amma shiru suke yi, ba a sa su faɗa. Da azumin Ramadan, ni da ƙawata Bahaushiya 'yar Tudun Wada muke zuwa kicin karɓo musu abincin sahur a kula. Ita kuma ranar Larabar Toka, wato ranar fara azuminmu, takan tuna min kada in ci nama. Har yau muna zumunci, ni na yi mata babbar ƙawa a bikinta. Horo kuwa akwai shi, Sista ta kama farcenki da tsawo ko safarki da datti, ke da langalanga ne ranar Asabar.

Ɗan Samaru:
Anti Ladi, taki ta yi daɗi, tawa ba haka take ba, kuma gara Maman Ummi ta ji duka. Makarantar da na yi ba malamin darasin addinin Musulunci. Lokacin darasin addinin Kirista, ko ka zauna a aji ko ka fita gindin bishiya, ba wanda zai koya maka komai. Da muka zo rajistar WAEC, wasunmu suka cika na Kirista don shi suka saba ji, ni kuwa wani malamin Islamiyyar unguwarmu ya riƙa yi min bita da daddare kafin na iya rubuta na Musulunci. Azahar ma a bayan ɗakin gwaje-gwaje muke shimfiɗa kwali mu yi ta a gurguje. Ranar Juma'a in aka ja darasin ƙarshe, kafin ka samu Keke Napep ka isa masallaci liman ya sallame. Abin yana ci min rai har yanzu, don yaro ɗan shekara sha biyu ba zai iya tunkarar shugaban makaranta ba, kuma iyayenmu ba su taɓa tambaya ba. Karatu dai na samu, ban yi wahalar lissafi da Turanci ba da na shiga ABU.

Hajiyar Kongo:
Ni mace na so kaiwa. Na tambayi batun hijabi tun a ofis, suka ce kayan makarantarsu hula ce kawai. Na yi musu godiya na juya. Ba mu yi faɗa ba, sun faɗa min gaskiya tun kafin in biya kuɗin fom.

Malam Bulus:
Ina koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun Katolikan yanzu haka, bari in faɗi ta wajen aji. Manhaja ɗaya ce da ta kowa, jarrabawar ƙaramar sakandare a aji uku, WAEC da NECO a aji shida. Bambancin yana wurin sa ido. Ana duba littafin shirin darasina duk mako, in na makara Fada yana tsaye a bakin ƙofa. Yaron da bai kai makin wucewa ba zai maimaita aji, ko ɗan wane ne, kuma a wurinmu ba a shigar wa yara amsa ɗakin jarrabawa. Akwai iyayen da ke cire 'ya'yansu a aji biyar saboda wannan, su kai su inda za a "taimaka". Abin da Ɗan Samaru ya faɗa gaskiya ne a wasu wuraren. Mu sai da iyaye Musulmi suka tayar da maganar a taron iyaye da malamai aka ware ɗakin sallah, aka kuma riƙa sallamar yara da wuri ranar Juma'a. Ki sani za a yi addu'ar Kirista a taron safe kullum, wannan ba za a fasa ba.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar zaure ta shige ni, don gaskiya Islamiyyarsa ta yamma ce ba na so ta yanke. Malam Bulus, in mun je wa ya kamata mu gani? Kuma ƙarfe nawa ake tashi?

Malam Bulus:
Ku nemi shugaban makaranta da kansa, Fada ne ko Sista, kada ku tsaya a wurin mai sayar da fom. Ku je ke da maigida a ranar karatu wajen azahar, ki ce a nuna miki inda yara Musulmi suke sallah, ki ga ko akwai buta da ruwa. Lokacin tashi ya bambanta, wasu suna riƙe yara darasin ƙari har bayan la'asar, to nan ne zai ci karo da Islamiyyar. Ki tambaya ko darasin ƙarin dole ne, sannan a rubuta miki duk kuɗin zango har da na littattafai da kayan makaranta kafin ku sa hannu.