Jirgin yaƙin da ya nutse da gawarwaki: kabari ne, ko a tsamo shi?

Tsohon Soja: Assalamu alaikum. Daren 29 ga Maris 1943 wani jirgin saman yaƙin Birtaniya samfurin Stirling, mai lamba BK716, ya je ruwan bama-bamai a Berlin. A hanyar dawowa Jamusawa suka harbo shi, ya faɗa tafkin Markermeer a ƙasar Holan da mutum 7 a ciki. Shekara 77 yana kwance cikin laka, sai a 2020 aka tsamo shi da ƙasusuwansu. Ni a ganina ba a kyauta ba. Inda soja ya faɗi tare da abokansa, nan ne kabarinsa. Birtaniyar ma tana da doka tun 1986 da ta hana taɓa tarkacen jirgin soja sai da izini.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam, Baba. Dokar nan ta hana masu kwasar ganima ne, ba ta ce kada hukuma ta ɗauko mamaci ba. Kuma ba wasu 'yan kasada suka yi aikin ba, gwamnatin Holan ce ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin shirinta na tono jiragen da ake zaton akwai gawa a ciki. A 2022 aka binne su a maƙabartar sojoji ta Jonkerbos da ke Nijmegen, danginsu na tsaye. Kafin nan me dangin suke da shi? Suna kawai a jikin bangon tunawa na Runnymede da ke Ingila, cikin sunayen sojojin sama fiye da 20,000 da ba a san kabarinsu ba.

Tsohon Soja: 'Yata, suna a bango ai ba ƙaramin abu ba ne.

Malamar Tarihi: Ban raina shi ba, Baba. Amma ka san da farko an ɗauka wani jirgin ne daban, BK710? Cikin abubuwan da suka warware zancen har da 'yar gwangwanin taba sigari mai ɗauke da haruffan sunan ɗaya daga cikin mutanen jirgin. Da an ce kabari ne kada a taɓa, da har yau wasu iyalai na kallon tafkin a matsayin makwancin nasu, alhali na wasu ne ke ciki.

Ɗan Kumasi: Ku ba ni wuri in sa baki, don jirgin nan namu ne ta wani gefen. Rundunarsa ita ce ta 218, wadda ke ɗauke da sunan Gold Coast, wato Ghana ta yau. Yaya Malama, ina bayanki wajen tsamowa, amma kin tsallake yadda aka tsamo. Injin yasa aka kawo, mai baki kamar na kada, yana damƙo laka da ƙarfe da ƙashi a haɗe, sannan a tace a sama. Wasu daga cikin dangin sun nuna ɓacin ransu tun kafin a fara. A 2023 da aka zo kan wani jirgin, Lancaster ED603, a tafkin IJsselmeer, sai aka kewaye wurin da katangar ƙarfe, aka zuƙe ruwan, aka bi a hankali. Ashe ana iyawa ke nan.

Malam na Zaure: Nan ne maganar take, ɗana. A hadisi, karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye. Shi ya sa injin nan ya tsaya mini a rai. Amma Yallaɓai, ɗauke mamaci daga wuri zuwa wuri don wata maslaha ba baƙon abu ba ne. Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa, shahidin Uhudu, bayan wata 6 ya sake masa kabari. Kuma malamai sun yarda a sa gawa a teku ne idan ba halin kaiwa tudu. Sa gawa a ruwa lalura ce, ba zaɓi ba. Sojojin jirgin nan ba Musulmi ba ne, na sani, amma alfarmar ɗan Adam ba ta faɗuwa don haka.

Tsohon Soja: Allah ya gafarta Malam, to na ƙasan teku fa? Amurka kaɗai tana da sama da mutum 70,000 da ba a gano ba tun yaƙin duniya na biyu, da yawansu a ruwa mai zurfi. Duk za a bi a tsamo?

Malam na Zaure: Abin da ya fi ƙarfin mutum ba a ɗora masa. Tafkin nan kuwa zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba.

Auta: Ni tambayata daban ce, iyayena. Wa ke gadin kabarin da ke cikin ruwa? A 2016 aka je duba jiragen ruwan yaƙin Holan da Birtaniya da suka nutse a tekun Java a 1942, irin su De Ruyter da Exeter, sai aka tarar da ramuka a ƙasan teku. Masu sayar da tsohon ƙarfe sun kwashe su kaf. Idan jirgin ruwa sukutum ya ɓace, ina ga ɗan jirgin sama na alminiyom? Cewa "a bar shi kabari ne" magana ce mai daɗi a takarda, amma babu maigadi a ƙarƙashin ruwa.

Ɗan Kumasi: Ƙanwata kin faɗi gaskiya. Sai dai kuɗin fa? Katangar ƙarfen nan ba arha ba ce, shi ya sa ake komawa ga injin.

Tsohon Soja: To ga inda na tsaya. Na ruwa mara zurfi, wanda ɓarayi da ragar masunta za su iya kaiwa, a tsamo, na yarda, amma da hannu da natsuwa, kuma a tambayi dangi tukuna. Na can ƙasan teku a ƙyale su. Abu ɗaya nake roƙo: waɗanda suka mutu a jirgi guda kada a raba su kabari.

Malamar Tarihi: Baba, idan dangin mutum 6 suka ce a tsamo, na bakwai suka ce sam ba su yarda a taɓa ɗansu ba, maganar wa za a bi? Ƙasusuwan a gauraye suke, ba yadda za a ɗauki na mutum shida a bar na ɗaya.