Umma Ta Ce Ba Za Ta Koma Kemo Ba: Sakaci Ne Mu Ƙyale Ta?

Autar Gida: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na fama da sankarar nono, yanzu ta bazu zuwa ƙashi da hanta. An yi mata kemo (maganin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya) zagaye huɗu, jiya ta tara mu ta ce ta yafe. Yayanmu ya ce duk ɗan da ya zuba ido uwarsa ta ƙi magani, da hannunsa a mutuwarta. Wai mu ce mata awo za a yi, in mun isa a ɗaura mata ruwan. Tun jiya ban runtsa ba.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Ni ina bayan yayanki. Muna yara, uwa kan matse mu ta ɗura mana magani muna ihu, ba wanda ya ce ta zalunce mu. Yau juyi ya zo kanku. Kuma Annabi (SAW) ya ce mu nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta.

Anti Nas: Baban Khalifa, yaro daban, dattijuwa mai hankalinta daban. Shekaruna da yawa a ɗakin masu ciwon daji, babu likitan kirki da zai ɗaura wa baligi kemo bai yarda ba. Kuma ranar da ta gano an yaudare ta, ko ruwa kuka miƙa mata sai ta yi shakka.
Ƙanwata, ku fara tambayar likitanta a fili: wannan kemon na warkarwa ne ko na jinkirta ciwon? Akwai ƴan cututtukan da ake warkarwa ko sun bazu, kamar sankarar maraina, amma ta nono in ta kai ƙashi da hanta, galibi rage mata gudu ake yi. Abu na biyu, a tabbatar da hankalinta take magana. Ciwon da ya shiga ƙashi kan ɗaga sinadarin kalsiyam a jini har mutum ya rikice, ciwon damuwa ma kan sa a fid da rai, kuma duka biyun suna da magani.

Malam: Hadisin da aka kawo gaskiya ne. Amma akwai kuma na matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, bai zarge ta ba. Shi ya sa malamai da dama ba su wajabta maganin da ba a da ƙarfin zaton zai warkar ba. Yi wa uwa ƙarya kuwa, ban san ta inda zai zama biyayya ba.

Baban Khalifa: To ko jinkirin ne, ƙaramin abu ne? Mahaifina ya so ya daina, muka lallaɓa shi, ya ƙara shekara guda har ya ga jikansa na fari. Da mun bi ta tasa fa?

Maman Ilham: Lallaɓa shi kuka yi ai, Yaya, ba ɗaure shi kuka yi ba. Mu namu baban mun matsa masa da kuka da fushi har ya koma don kunyarmu. Makonninsa na ƙarshe a amai da jinya suka ƙare, ko hira ba mu samu mun yi ba. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Don ku nake yi." Har yau in na tuna sai hawaye. Na gane tsorona na rasa shi nake yi wa magani da jikinsa.

Anti Nas: Ku daina ɗaukar abin kamar ƙofa biyu ce kawai, kemo ko a naɗe hannu. Akwai kulawar rage raɗaɗi, fanni ne mai zaman kansa. A 2010 an wallafa wani bincike daga Boston ta Amurka kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun da wuri, tare da maganinsu na yau da kullum, sun fi samun sauƙin rayuwa, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa 8.9.
Ciwon ƙashi sau da yawa gashin na'ura (radiotherapy) na zama ɗaya kan sassauta shi. Mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, in likita ne ya tsara shi, ba ya nufin an sallama mutum, sai dai a haɗa da maganin taurin bayan gida. Sannan wasu nau'o'in sankarar nono suna jin ƙwayar da ake sha a gida, irin su tamoxifen. Ku tambaya ko tata na ciki. Wataƙila ba magani gaba ɗaya ta ƙi ba.

Autar Gida: Na gode muku. Na shiga wurinta ni kaɗai, na zauna a gefen gadon na ce, "Umma, me ya fi damunki?" Ta daɗe shiru, sannan ta ce aman ne, da kuma ganin muna ɗaga ta kamar jaririya. Ta ce tana son sauran kwanakinta a ɗakinta, tana iya sallarta da kanta. Ta yarda mu ga likitan raɗaɗi, ta kuma ce a tambayo batun ƙwayar.

Baban Khalifa: Har yanzu da ni ne zan sake roƙonta. Amma batun yaudarar na janye.

Autar Gida: Yaya bai sauko ba tukuna, ko gaisuwata bai amsa ba da safe. Umma ta ce in kira mata shi bayan magariba, ita za ta yi masa magana da bakinta.